Bindigogin da Baba ya bari: yaya za a adana su kafin a raba gado?

Magajin Baba, Garwa

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Mahaifinmu ya rasu kwanaki kaɗan bayan Sallar layya, kuma cikin abin da ya bari akwai bindigogi huɗu waɗanda tun muna yara muke ganinsu jingine a bayan ƙofar turakarsa. Biyu bindigogin toka ne, ɗaya daga ciki ta kakanmu ce wanda ya yi wa Lamiɗo hidima cikin 'yan bindiga, an ɗaure ƙotarta da zobban tagulla. Ta uku mai baki ɗaya ce wadda ake karyawa a sa harsashi, an rubuta Simplex a jikinta, da ita Baba yake farautar zabi a fadamun Binuwai. Ta huɗu doguwa ce mai sakata a gefe, ba mu taɓa ganin ya harba ta ba, kuma babu wanda ya san inda ya samo ta. Akwai kuma gwangwanin harsasai na kwali, wasu sun kumbura, da tandun albarushi.

Ɗakin ya zauna a kulle har damina ta wuce, da muka buɗe sai muka tarar tsatsa ta fara cin ƙarfen. Ƙanena yana son a goge su da samfefa su yi ƙyalli, sannan ya fita da ta kakanmu ranar hawan Salla. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, ga shi ba a raba gado ba tukuna. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin.

Kawu Maharbi, Cholire

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba ku haƙuri. Ɗana, kafin maganar tsatsa akwai abin da ya fi gaggawa, wato sanin ko bindigogin tokar nan a ɗure suke. Tsofaffin maharba ba su cika ajiye bindiga babu komai a cikinta ba, saboda kura ko ɓarawo ba sa jiran mutum ya auna albarushi cikin duhu, kuma albarushi idan bai jiƙe ba yana iya shekara hamsin bai mutu ba. Ka ɗauki sandar ɗura ka zura ta ta baki har ta tsaya, fuskarka da jikinka suna gefe, ka yi shaida daidai bakin bututun, sannan ka zaro ta ka shimfiɗa a jikin bututun ta waje. Idan ta kai har ramin da wuta ke shiga, to babu komai ciki. Idan kuwa ta gaza da yatsa biyu ko uku, akwai ɗuri. Kada kowa ya leƙa da ido, kada a hura da baki, kuma kada a kuskura a sa gindin bututun a wuta da sunan a tayar da abin da ke ciki, domin hakan ya sha kashe mutane. A cire 'yar hular da kunama ke sara idan tana nan, a tsiyaya ruwa ta baki ya jiƙa albarushin, a jira maƙerin da ya iya zaro ɗuri.

Ka duba sauran biyun kuma ta ɓangaren baya bayan ka buɗe su, ka ga ko haske yana ratsawa. Zanzaro yana son yin gini a cikin bututun bindigar da aka jingine, kuma ɗan laka kaɗan ya isa ya fasa ƙarfe a hannun mai harbi.

Tsohon Jandarma, Kuseri

Allah ya gafarta wa Baba. Maganar Kawu ita ce ta farko, tawa ta biyu, amma ba za a tsallake ta ba. A Kamaru doka mai lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamba 2016 ita ce ke tafiyar da sha'anin makamai da harsasai, kuma ta kasa su aji takwas. Bindigogin yaƙi suna aji na farko, na farauta suna aji na biyar, tsofaffin makamai na tarihi suna aji na takwas. Abin da magada da yawa ba su lura da shi ba shi ne takardar izini ta mutum ɗaya ce, da sunansa aka bayar, ba ta bin jini kamar gona ko gida. Ko da mahaifinku yana da cikakkiyar takarda a kan Simplex ɗin nan, daga ranar da ya rasu kai ba ka da izinin riƙe ta har sai ka nemi naka.

Ka nemo takardunsa a cikin akwatinsa, ka haɗa da takardar shaidar rasuwa, ka ɗauki wani dattijo na gidanku, ku sanar da mai unguwa, sannan ku je ofishin su-prefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gundumarku, ku faɗi abin da ke hannunku. Kada ku ɗauki bindigogin ku hau babur da su, domin a shingen bincike babu mai sauraron labarin gado. Ku je da takardu da baki, su za su faɗa muku yadda za a yi. Ta huɗun nan mai sakata ita ta fi damuna, saboda idan ta yaƙi ce, farar hula ba shi da damar ajiye ta komai tsufan dangantakarta da gidanku. Duk abin da kuka miƙa wa hukuma, ku karɓi takarda mai hatimi da ke ɗauke da lambar bindigar.

Ɗan Lagdo

Yallaɓai, da girmamawa, ni ban yarda da wannan ba. Kowa ya san abin da ya shiga ofis da wuya ya fito, kuma bindigar kaka ba abin da za a sake samu ba ne a kasuwa. A ganina Yaya Magaji ya shafe su da giris, ya naɗe cikin leda, ya haƙa rami a cikin gida ya binne, har lokacin da ƙasa za ta lafa. Kuma ya sa mana hotunansu mu gani, wataƙila akwai mai tsada a ciki.

Tsohon Jandarma, Kuseri

Ɗana, shawarwarinka biyu kowace tana iya jawo wa gidan nan masifa. Tun 2014 da rikicin Boko Haram ya tsallako yankin Arewa Mai Nisa, bindigar da aka tono a ƙarƙashin ƙasa ba ta da wata fassara a wurin mai bincike sai ta ɓoyon makami, kuma a gidan da ake shirin raba gado, ya isa a sami mutum ɗaya da ransa ya ɓaci ya kai rahoto. Wanda ya je da ƙafarsa ya bayyana, matsayinsa daban ne da wanda aka kama. Hoto kuma kada a sa. Masu satar mutane don kuɗin fansa a wajen Tuboro da dazuzzukan Adamawa makami suke nema ido rufe, kuma babu wanda ya san inda hoto zai ƙare bayan ya bar wayar mai shi.

Maƙerin Gidar

Ina yi muku ta'aziyya. Ni zan tsaya a kan ƙarfe da itace, wanda shi ne aikina. Binnewa dai kashe bindiga ne a hankali, domin leda tana tara gumi a ciki, ƙasa tana riƙe laima, gara kuma ba ta barin ƙota.

Ka hana ƙanenka samfefa. Baƙin nan ko ruwan ƙasa-ƙasa da ke jikin tsohon ƙarfe ba datti ba ne, wata fata ce da ke kare shi, kuma idan aka kankare ta ƙarfen zai fito fari ya yi tsatsa fiye da da. Samfefa tana cinye rubutu da hatimin maƙera, waɗanda su ne kaɗai shaidar asalin bindigar, har da lambar da hukuma za ta nema. Tsatsar da ake yaƙa ita ce ja mai gari wadda ke kama yatsa. A jiƙa wurin da man keken ɗinki ko kananzir a bar shi ya kwana, washegari a goge da tsumma mai kauri. Inda ta yi ɓawo, a kankare da gefen ɗan jan ƙarfe ko tagulla, tunda sun fi ƙarfen bindiga laushi ba za su karce shi ba. Soson ƙarfe na wanke tukunya bai dace ba. Ramukan da tsatsa ta riga ta ci ba sa cikewa, a bar su yadda suke.

Cikin bututun bindigar toka kuwa ruwa ne maganinsa, ko da abin zai ba wasu mamaki. Tokar albarushi tana ɗauke da gishiri mai jawo laima daga iska, mai ba ya narkar da gishiri, rufe shi kawai yake yi ya ci gaba da ɓarna a ƙarƙashi. Bayan an tabbatar babu ɗuri, a wanke da ruwan ɗumi da ɗan sabulu har tsumman ya fito fari, a busar sarai, sannan a bi da mai.

Game da Simplex, ƙirar kamfanin Manufrance ce ta garin Saint-Étienne a Faransa, kuma tana da yawa a ƙasashenmu. Abin lura shi ne yawancin tsofaffin bindigogin farauta na Faransa an yi mazaunin harsashinsu tsawon milimita 65, alhali harsasan da ke kasuwa yanzu 70 ne ko 76. Harsashin 70 yana shiga mazaunin 65 lafiya lau, saboda ana auna tsawon ne bayan bakinsa ya buɗe, to a lokacin harbi sai bakin ya rasa wurin buɗewa, matsin ya ƙaru a cikin tsohon ƙarfe. Ka cire bututun ka duba ƙarƙashinsa kusa da gindi, a nan ake buga lambobin. Idan ka ga haruffan PT da kambi a kansu, alama ce an gwada ta da albarushin zamani marar hayaƙi.

Kawu Maharbi, Cholire

Maƙeri ya yi bayani mai kyau, amma ban ji ya ambaci man kaɗanya ba, alhali da shi iyayenmu suka riƙe bindigoginsu har suka iso hannunmu. Man inji idan ya haɗu da tokar albarushi yana zama baƙin danƙo mai wuyar fita, duk wanda ya harba bindigar toka ya san haka.

Maƙerin Gidar

Kawu, abin da ka faɗa gaskiya ne a kan bindigar da ke aiki. Maharbin da ke fita kowane mako yana wanke ta yana sake shafawa, man ba ya daɗewa a jikinta balle ya lalace. Amma waɗannan za su zauna watanni babu mai taɓa su. Man kaɗanya da man gyaɗa da man ja duk suna tsami idan sun daɗe, suna yin danƙo su riƙe kunama, kuma ƙanshinsu yana kiran tururuwa da ɓera, ɓera kuwa ƙotar zai ci. Don ajiya, man keken ɗinki a ciki, basilin kaɗan a waje, shafa ɗaya wadda ba ta ɗiga. Ranar da za a harba sai a goge man tas a koma wa naka. Baƙin man da aka juye daga mota kada ya kusance su.

Wani abin da ake yawan yi shi ne a cika mai a jingine bindiga bakinta sama, sai man ya gangara ya shige ƙota daidai inda ta haɗu da ƙarfe, itacen ya yi baƙi ya yi laushi, wata rana ya tsage a nan. Bayan shafa mai a kifa bakin ƙasa a kan katako, ko a kwantar da ita a kan maratayi. Ƙota kuwa kakin zuma ya ishe ta.

Inna ta Marwa

Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. 'Ya'yana, kuna ta maganar mai da ƙarfe, ni kuwa tambayata ita ce yara nawa ne a gidan, kuma a hannun wa makullin yake. Muddin maigida yana raye kwarjininsa ne ke tsare turakarsa, babu yaron da zai ɗaga labule. Yanzu ba ya nan, gida ya cika da jikoki da baƙin ta'aziyya, kuma yaro ɗan shekara goma ya san inda ake ɓoye kowane makulli. A sami akwatin ƙarfe ko kabad mai kwaɗo mai kyau, makulli ya zauna a jikin mutum ɗaya, harsasai da albarushi kuma a wani wurin daban da nasu kwaɗon, nesa da madafa da buhunan gawayi. A gaya wa matan gida abin da ke ciki, domin mu ne masu shara da kawar da kaya, ɓoye mana ba tsaro ba ne.

Kuma ina roƙon kada a manta 'yan'uwanku mata da mahaifiyarku. Sau da yawa idan aka zo kan bindiga da takobi da doki, sai maza su raba a tsakaninsu a zaure kamar ba dukiya ba ce.

Maƙerin Gidar

Maganar wurin ajiya da Inna ta yi ta tuna mini da kube. Dukawan Marwa suna ɗinka kuben fata mai kyau, amma na tafiya ne, ba na ajiya ba. Fatar da aka jeme tana shan laima ta riƙe, kuma abin jimar da ke jikinta yana cin ƙarfe, har za ka ga tagulla ta yi kore inda ta taɓa fata. Bargo da buhu ma haka suke da damina. Akwatin kada ya zauna a ƙasa ko ya manne da bango, a ɗora shi kan bulo, a jefa masa 'yan ƙullin nan masu shan laima da ake samu cikin kwalin takalmi, a riƙa shanya su a rana suna komawa aiki.

Shekararmu tana da abokan gaba biyu. Daga Yuni zuwa Satumba laima ce, musamman Garwa da ke bakin kogi, a lokacin a buɗe a duba kowane wata. Daga Disamba hunturu yana busar da itace har ya tsuke, zobba su yi sako-sako, ƙura kuma ta haɗu da mai ta zama abin goge ƙarfe. Zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 yana lalata harsashi idan an bar shi kusa da rufin kwano. Duk wanda ya taɓa ƙarfen da hannu ya goge kafin ya mayar, gishirin gumi yana barin shatin yatsa.

Malamin Zaure, Ngaundere

Allah ya yi masa rahama. Abin da Inna ta faɗa shi ne hukuncin. Makami dukiya ne cikin abin da mamaci ya bari, babban ɗa ba shi da wani fifiko a kansa. Bayan an biya bashi an zartar da wasiyya, matar mamacin tana da tumuni tunda akwai 'ya'ya, sauran kuma namiji yana da rabon mata biyu. Tunda ba a tsaga bindiga, sai a sa wanda ya san darajarta ya yi mata kuɗi, wanda zai riƙe ta a lissafa a cikin rabonsa, ko ya biya sauran. Idan magada sun yafe masa, ya zama da yardar kowa a fili, ban da wadda kunya ta sa ta yi shiru, kuma ba a yafe rabon maraya ƙarami a madadinsa. Kafin rabo, abin amana ne a hannunka, saboda haka ƙanenka ba shi da ikon goge ta ko fita da ita shi kaɗai. Ka rubuta kowace a littafi da lambarta da halin da kuka same ta, mutum biyu su sa hannu.

Ina ƙara tunatar da samari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, kuma ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu. Malamai sun ce hanin ya haɗa har da wasa.

Magajin Baba, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi awon da Kawu ya ce, ta kakanmu babu komai, amma a ɗayar bindigar tokar, sandar ta gaza da yatsa uku. Na jiƙa ta, na kulle ɗakin, makulli yana aljihuna. A ƙarƙashin Simplex na ga 65. Mun sami takardar izininta a cikin jakar Baba, sauran ukun babu takarda. Ita mai sakatar, da na goge gefenta da mai sai rubutu ya fito, akwai Mle 1874, kuma cikin bututun sumul yake babu zane.

Tsohon Jandarma, Kuseri

To wannan Gras ce, bindigar sojan Faransa ta 1874, mai cin harsashi ɗaya na milimita 11 da baƙin albarushi. Bindigar Lebel ta 1886 ce ta maye gurbinta, daga nan aka sayar da ɗimbinsu, aka huda bututun da yawa aka mayar da su na farauta, shi ya sa ka ga cikinta sumul. Yadda ta iso gidanku kuwa hanyoyi suna da yawa, tunda ƙasar nan ta ga yaƙin Kuseri na 1900 inda aka kashe Rabe, ta ga shigowar Jamusawa Garwa a 1901 da fitarsu a 1915, har sansanin Jamusawa na dutsen Mora da bai miƙa wuya ba sai 1916, ban da fatake. Kada dai ku ƙaga mata tarihin da ba ku da shaidarsa. Wannan bayani yana iya sauƙaƙa lamarinta, amma hukuma ce za ta faɗi ajin da take, ba ni ba.

Ɗan Lagdo

Na ji maganar binnewa. Amma bindigar kaka da aka yi ta don hawan Salla, a ce ba za ta sake yin ƙara ba? Ai albarushi kaɗai ake sawa, babu harsashi.

Kawu Maharbi, Cholire

Ɗana, a wurin hawa ne ma aka fi cika albarushi don a burge jama'a, kuma bindigogin da na ga sun fashe sun tafi da yatsun masu su, yawancinsu a wurin biki ne ba a daji ba. Bututun da tsatsa ta ci daga ciki ba ya nunawa a waje. Idan ƙanen Magaji yana son shiga 'yan bindiga, ya bi ta hannun shugabansu a fada, ya yi amfani da wadda aka gwada. Ta kakansu ya rataya ta a kafaɗa babu ɗuri idan hukuma da magada sun yarda. Kuma kada wani ya farke harsashin zamani ya juye garinsa a bindigar toka, ƙarfinsa ya fi abin da aka ƙera ta dominsa nesa ba kusa ba.

Inna ta Marwa

Saura gwangwanin harsasan da suka kumbura, babu wanda ya ce komai a kansu, kuma na san halin gida, wata za ta iya kwashe su ta zuba a shara a cinna wuta.

Tsohon Jandarma, Kuseri

Kada a ƙona su, kada a jefa a masai ko rijiya, kada kuma a gwada harba su. Harsashin da laima ta taɓa yana iya yin shiru bayan an ja kunama sannan ya tashi daidai lokacin da mutum ya karya bindigar yana dubawa. Magaji, ka ƙirga su ka rubuta adadin a littafin da Malam ya ce, ka bar su cikin gwangwaninsu a wuri mai inuwa tare da tandun albarushin a kulle, kuma ka ambace su a ofishin su-prefe ranar da za ku je, domin a turo wanda zai karɓe su a gida.